Ku Tambayi Anti: Yarona ya ƙarar min da takardun gida da ninke-ninke

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, don Allah ki ba ni shawara. Ina da yaro ɗan shekara 11, ba shi da aiki sai ninke takarda, yau jirgin sama gobe kwale-kwale jibi kwaɗo, littafin makarantarsa ma bai tsira ba, duk ya cire tsakiyar. Babansa ya ce shirme ne in hana shi, ni kuma wallahi in na ga abin da ya haɗa burge ni yake. In hana shi ko yaya zan yi? Daga Maman yara uku.

AMSA: Wa'alaikumus salam Maman yara, Allah ya raya mana su. Littafin makaranta kam ki hana, wannan ba wasa, amma ninkin ki bar masa abinsa. Ki samo kwali ɗaya ki dinga tara masa tsofaffin jaridu, kalandar bara, ambulan da takardun da aka gama amfani da su, ki ce masa ga naka nan, ranar da ka sake taɓa littafi kuma kwalin ya tafi hutun sati guda. Za ki sha mamakin yadda zai kiyaye.

Shi kuma Baban, a lallaɓa a gaya masa abin nan da yake kira shirme sunansa origami, kalmar mutanen Japan ce, ori ninki kami takarda, kuma akwai wanda ya ƙare rayuwarsa a kai, Akira Yoshizawa da ya rasu a 2005, shi ya fito da alamomin ɗigo-ɗigo da kibiyoyi da ake bi a littattafan koyon ninki har yau. Friedrich Froebel ma, Bajamushen da ya ƙirƙiro makarantar ƙananan yara ta kindagatin, da gangan ya sa ninkin takarda cikin abin da za a koya musu. Ni wanda ya fi burge ni shi ne aikin Koryo Miura, masanin Japan da ya tsara wani irin ninki da in ka ja gefe biyu takardar za ta buɗe gaba ɗaya lokaci guda, da shi aka naɗe farantan sola na wani tauraron ɗan adam da aka harba a 1995. To kin ga har sama jannati shirmen ya je.

Amma ki bar ta manyan nan, ki zauna kusa da shi wata rana ki kalli hannunsa. Ba shi farar takarda A4 ki ce ya fitar miki da murabba'i ba tare da rula ba. Zai kamo kusurwa ɗaya ya kwantar da ita a kan dogon gefen, ya danne layin da farce, ya yanke rarar da ta rage a ƙasa, yana buɗewa ga murabba'i santimita 21 kowane gefe. Lissafi ya yi fa, shi bai ma sani ba. Daga nan ki sa masa gasa, ya ninka takarda gida biyu, ya sake ninkawa, ya yi ta yi ki ga inda zai tsaya, yawanci a na shida ko na bakwai ake cijewa saboda kowane ninki kaurin ninkuwa yake, a na bakwai takardar ta zama hawa 128. Wata ɗaliba a Amurka, Britney Gallivan, ta kai 12 a 2002, amma sai da ta nemo takarda mai tsawon sama da kilomita ɗaya. Ki ba shi wannan labarin ki ga yadda idonsa zai buɗe.

Abu ɗaya dai, reza ba ta yara ba ce. Almakashi mai dakusasshen baki ya ishe shi, in ma da ƙannensa a kusa to a ajiye shi sama in an gama.

TAMBAYA: Anti ni shekarata 15, na gwada yin kwano da jarida da gam a jikin balan-balan kamar yadda na gani a YouTube, bayan kwana uku sai ya fara wari ya yi fumfuna. Me na yi ba daidai ba?

AMSA: 'Yata gaggawa kika yi, na san kin lafta hawa bakwai ko takwas a zama ɗaya, sama ya bushe ciki yana jiƙe. Hawa biyu zuwa uku za ki yi ki bari ya bushe ƙarau a inda iska ke kaɗawa, sannan ki ƙara. Gam ɗin ki sirka shi da ruwa kaɗan, in kin tsoma takardar ki zare ta tsakanin yatsu biyu rarar ta zube, kada ta dinga ɗiga. Kuma yagawa za ki yi da hannu ba yankawa ba, bakin yagaggiya ya fi kwanciya lumui. Jarida tana da gefen da take yaguwa a miƙe, ɗaya gefen kuma sai ta karkace, ki gwada duka biyun za ki gane. Kada ki fasa balan-balan ɗin sai kin ƙwanƙwasa da farce kin ji yana ƙas-ƙas, fenti kuma sai a ƙarshe. Wancan mai warin ki jefar da shi kawai, ba ya gyaruwa.