Amsoshin Tambayoyinku: Silin da Rufin da Ke Tare Zafi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gini a Ɗorayi, saura rufi. Kafinta ya ce in sa silin roba don ya fi araha, abokina kuma ya ce POP, wato silin farar filasta. Ni zafin bazara nake gudu, kuma ba na son abin da zai cutar da yara ko muhalli. Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a gama lafiya. Tsakanin biyun, ɗauki POP. Amma ka sani dukkansu ado ne kafin su zama maganin zafi. A gidan da ba bene ba, yawancin zafin ta sama yake sauka. A watan Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40, kwanon da ke shan rana kuwa ya wuce haka nesa. Iskar da ke tsakanin kwano da silin ta gasu, silin ya ɗauka, ya yi ta juye muku har bayan isha'i.

Don haka fara da kwanon. Sayi fari ko mai hasken launi, domin yana mayar da hasken rana. Baƙin rufi da ake yayi yanzu kyau ne a ido, azaba ne a ɗaki. A ƙarƙashinsa a shimfiɗa takardar alminiyam mai ƙyalli, a bar tazara a gefenta mai ƙyallin, don in aka manne ta ciki da bai ba ta aikin komai. Sannan a bar kafofin iska a gefen rufin, a sa musu raga saboda jemagu da ɓeraye. Kafintoci da yawa kan toshe ko'ina wai don aiki ya fito tsaf. Kada ka yarda.

Abin da ke tare zafi na gaskiya shi ne wanda ake shimfiɗawa a bayan silin. Akwai audugar gilashi, akwai farin soso irin wanda ake naɗo firji a ciki. Soson ba nauyi, kuma yana aiki, sai dai daga man fetur ake yin sa, yana cin wuta da baƙin hayaƙi, ba ya ruɓewa, ɓarɓashinsa kuma magudanan ruwa yake ƙarewa, waɗanda dama leda ta riga ta cushe su. Audugar gilashi ba ta kama wuta, kuma sau da yawa da tsofaffin kwalabe ake haɗa ta. Aibinta ƙaiƙayi, sai mai aiki ya sa safar hannu da takunkumi. Ita na fi so, kaurin santimita 5 ko fiye.

Dalilin zaɓen POP kuwa, daga farin dutse ake yin sa, wuta ba ta cin sa da sauƙi. Silin roba in gobara ta tashi narkewa yake, hayaƙinsa kuma guba ne. Sai dai POP ba ya shiri da yoyo, a tabbatar rufin ya ɗinku kafin damina.

Batun muhalli, babban lissafin ba ranar saye yake ba. Ɗakin da ya riƙe sanyi fanka ta ishe shi. Wanda bai riƙe ba sai na'urar sanyaya ɗaki da janareto, ga hayaƙi, ga kuɗin mai tun da aka cire tallafi a 2023.

Tambaya: Gidan gadonmu a Fagge silin asbesto ne tun na da. An ce yana kawo ciwo. In sa a farfashe shi?

Amsa: A'a, Hajiya, fasawar ita ce haɗarin. Ƙurarsa ce ke shiga huhu, tana jawo ciwon daji, kuma ciwon yakan ɗauki shekara 20 ko fiye kafin ya bayyana. Shi ya sa Birtaniya ta haramta shi a 1999, Tarayyar Turai a 2005. In bai tsage ba, a shafe shi da fenti a bar shi, kada a huda, kada a kankare. In ya fara zuba, a fitar da yara, a jiƙa shi da ruwa, a sauke falle-falle ba tare da karyawa ba, a naɗe a leda mai kauri. Kada a zuba a bolar unguwa inda 'yan jari-bola ke tono, kada kuma a yi ciko da shi a tsakar gida.

Tambaya: Mahaifina ya dage sai ginin ƙasa a filinmu na bayan gari. Ba koma baya ba ne?

Amsa: Baba yana da hujja. Ka shiga Gidan Makama, tsohon ginin ƙasa da ke birnin Kano, da tsakar rana ka ji. Katanga mai kauri a hankali take shan zafi, sai dare ta sake shi, da hunturu kuma ta riƙe ɗumi. Siminti kuwa, sarrafa shi kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Wahalar ƙasa ita ce yaɓe kafin kowace damina, ga azara ta yi tsada don giginya ba ta girma da wuri, masu iya shafen makuba ma sun ragu. Ku raba gardama: harsashi na dutse da siminti, bango na bulon jar ƙasa da aka matse da ɗan siminti, rufi mai baki da faɗi don kare bangon daga ruwa. A yammacin gidan a dasa darbejiya, nesa kaɗan da harsashi saboda saiwa.