'Yata ta ce ita ba ta da kan lissafi

Tambaya: Salam Malama. 'Yata tana aji uku a ƙaramar sakandare, da can a firamare tana son lissafi sosai, amma tun ranar da malaminsu ya ɗaga takardarta a gaban aji ya ce kwanyarta ba ta ja, shikenan ko littafin ta daina buɗewa, wai ita ba ta da kan lissafi, ba za ta shiga ajin kimiyya ba. Wata maƙwabciya ta ce in sayo mata maganin kaifin ƙwaƙwalwa. Dan Allah ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kar ki sayi komai, masu tallar maganin nan da lasifika a bakin kasuwa kuɗinki kawai za su ci, 'yarki lafiyarta ƙalau, kunyata ta aka yi.

Wannan magana ta "kan lissafi" wallahi ta ishe ni, kullum sai na ji ta, kuma abin haushin daga bakin malamai take fitowa. An ɗauka wai da shi ake haihuwar mutum, wane yana da shi wance ba ta da shi, sai a riƙa auna yaro da saurin ɗaga hannu, wanda ya tsaya yana tunani a ce daƙiƙi ne, in ya faɗi gwaji a zane shi ko a mayar da shi bencin baya, yaro ɗan shekara 13 ina zai iya musu da malami? Sai ya yarda, ya daina gwadawa, makinsa ya ƙara faɗuwa, malam ya ce ai dama na faɗa. Mata kuma abin ya fi yi musu yawa don ana haɗa musu da "ke da aure za ki yi".

Maryam Mirzakhani 'yar Iran, mace ta farko da ta ci lambar Fields a 2014, wadda ake ɗauka kamar Nobel ɗin lissafi, a shekararta ta farko a sakandare malamar lissafinta ba ta ga wata baiwa a tare da ita ba, har ta karaya, sai da aka canza mata malama ta farfaɗo. A Amurka ma binciken su Sian Beilock na 2010 ya nuna malamar firamare mai tsoron lissafi tana sa 'yan matan ajinta su fi yarda cewa lissafi na maza ne, makinsu kuma ya ragu.

Ki je makarantar ki samu shugaban ba da faɗa ba, ki nemi a nuna miki takardun gwajinta a gano inda ta fara ɓacewa, galibi wajen kason lamba ne ko lokacin da haruffa suka shigo lissafi. A samo mai haƙuri ya koma da ita can, minti 20 kullum ya isa, ta riƙa faɗin yadda ta bi ta samu amsa ko da ba daidai ba ce. Ke ma a gida kar ta ƙara jin kin ce "ai ni ma ban iya ba". Kuma kar ki yarda a yanke mata aji da jarrabawa ɗaya tak, ki tsaya sai an duba makinta na shekara ukun duka.