Amsar tambayarki kan cikar shekarar rasuwar kakarki

Ɗiyata, saƙonki ya iso, Allah ya yi miki albarka. Kin ce shekarar kakarki ta kusa cika, kina so ki san abin da ya kamata a yi mata a matsayinta na ƴar Katolika, kuma ko ya halatta a yi sadaka irin wadda dangin babanki Musulmi suka saba.

Ya halatta. Ciyar da mutane saboda mamaci bai saɓa wa koyarwar Ikilisiya ba. Kwanakin uku, bakwai da arba'in da ake ƙirgawa a nan Damagaram al'adar gari ce, ba dokar coci ba, wanda ya bi bai yi laifi ba, wanda ya bari ma haka. Abin da ke gaba da komai shi ne a roƙa mata Misa, wato babbar ibadar da Fada, limamin coci, yake jagoranta.

Ki je ofishin Mishan mako uku ko huɗu kafin ranar, ki rubuta sunanta na baftisma da ranar rasuwa a takarda, da harufa manya. Kada ki faɗa da baki kawai, don a nan ake samun matsala: a karanta sunan da ba wanda ya gane, dangi su fita da ɓacin rai. Za ki ba da ɗan abin hannu a ambulan, ki tambayi sakatare abin da aka saba bayarwa. Idan kuka zaɓi Lahadi, za a ambaci sunanta cikin waɗanda ake yi wa Misar, amma karatu da waƙoƙi na Lahadin ne. Idan kuna son karatun da ya shafi mamata, ku ɗauki ranar aiki. Ku guji Juma'a da rana saboda maƙwabta. Ki roƙi ƴan mawaƙa su sa na Hausa, tsofaffin ƙawayenta da su suka fi sabawa.

Tarihinta ba a cikin wa'azi ake karanta shi ba. Sai Fada ya yarda, a ƙarshen Misa, mutum ɗaya, minti uku zuwa biyar. Ranar baftismarta tana cikin littafin rajistar cocin da aka yi mata. Sauran kuwa ki je wajen matan Ƙungiyar Maryamu da ta yi aiki da su, ki zauna da littafi a hannu. Su suka san gidajen da take kai kunu a Kara-Kara, unguwar marasa galihu ta garin nan, da majinyatan da take wa wanki a asibiti. A faɗi aikin dalla-dalla, a rage kirari.

Daren jajibere a taru a gida a yi Rosari, wato addu'ar carbi, dami biyar na goma-goma, a rufe da roƙon Allah ya ba ta hutawa ta har abada. Carbinta a ba babbar jikanya ta ja, kada a kulle shi a akwati. Dangi Musulmi a shimfiɗa musu tabarma a zaure, su yi addu'a yadda suka ga dama, kada a matsa wa kowa shiga wajen da bai saba ba.

Abinci nan ne mutane ke cin bashi. Buhun shinkafa mai kilo 25 yana ciyar da mutum ɗari har da saura, tiya biyu ta gero ta isa kunu. Ku yi cefane a Kasuwar Dole kwana biyu kafin ranar. Dabbar kuwa mahauci Musulmi ne zai yanka, kuma a bari maƙwabta su sani, in ba haka ba kwanuka za su dawo a rufe. Ba giya a gidan ranar. A dafa da asuba a raba kafin azahar, domin miya mai nama ba ta jure zafin garin nan, fura da nono ma nan da nan take tsami. A fara cire kason marasa lafiya da na Kara-Kara tun tukunya tana kan murhu. Idan aka bari sai baƙi sun ƙoshi, ƙanzo za a kai musu. In kuna son kai wa gidan kaso, sai an nemi izini tun da wuri.

Kabari a share shi da safe, a gyara gicciye, a sake fentin suna in rana ta cinye shi. Kyandir a sa shi cikin gwangwani ko kwalba, iska ba ta barin sa. Ki kuma riƙe 2 ga Nuwamba, ranar da Ikilisiya ke tunawa da dukan mamata. Ki ba da sunanta tun cikin Oktoba.

Ki gaida mahaifiyarki. Ki turo mini ranar da Fada ya ba ku, in sanar da na Mirriya da na Maraɗi.

Kawunki.