Tarar Makara a Gidan Raino: Riba Ce ko Ladan Aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rainon yaran ma'aikata bakwai a gidana, daga ƙarfe 7:30 na safe zuwa 4:00 na yamma, kan naira 15,000 kowane yaro a wata. Wasu iyayen sai bayan magariba suke zuwa, shi ya sa na sa naira 500 kan duk rabin awa da aka ƙara. Na kuma ce wadda ta wuce 5 ga wata ba ta biya ba za ta ƙara naira 1,000. Wata uwa ta ce malaminsu ya ce duk riba ce. Sannan in yaro ya yi sati bai zo ba, dole ne in rage kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa wa sana'arki albarka, 'yar'uwa. Karɓar lada a kan raino halal ne, matuƙar an yanke lokaci an ambaci kuɗi, kuma kin yi duka biyun.

Sai dai ƙarin nan biyu da kika sa ba hukuncinsu ɗaya ba. Naira 1,000 ɗin nan ki soke ta yau. Da ranar biya ta yi, kuɗin ya zama bashi a wuyan uwar yaro, kuma ƙari a kan bashi saboda jinkiri shi ne ainihin ribar Jahiliyya. Abin da kika riga kika karɓa ki mayar, ko ki cire musu daga kuɗin watan gaba. In kina tsoron masu taurin bashi, ki sharɗanta biya a farkon wata, wadda ba ta biya ba kina da damar ƙin karɓar ɗanta.

Amma naira 500 ta makara, a nan ban yarda da abin da aka ba ki labari ba, in har haka malamin ya faɗa. Ina bashin yake? Uwar ba kuɗinki ta riƙe ba, ɗanta ta bar miki. Kwangilarku ta ƙare ƙarfe 4:00, duk abin da ya biyo baya sabon aiki ne: kina goyo, kina canza ƙunzugu, girkin darenki yana jira, wataƙila ma la'asar ɗinki ta makara. Wanda ya ce ki yi wannan kyauta, shi ya halatta wa mutane cin guminki.

Idan aka ce ai tara da kuɗi malamai sun yi saɓani a kanta, wancan saɓanin a kan horon da shugaba yake yi wa mai laifi ne. Namu sharaɗi ne da mutum biyu suka ƙulla da yardarsu. Bukhari ya kawo daga Ibnu Sirin cewa wani ya ce wa mai hayar raƙuma ya shirya, in bai fita tafiya rana kaza ba zai ba shi dirhami 100. Bai fita ba, sai alƙali Shuraihu ya yanke cewa wanda ya ɗora wa kansa sharaɗi ba tare da tilas ba, sharaɗin ya hau kansa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a 2000, ta halatta irin wannan sharaɗi a hulɗar kuɗi, ta ware inda abin da ake bi bashi ne. Wannan shi ne bambancin da na yi miki.

Wasu kuma za su ce ba a san jimlar da za a biya ba, akwai garari, wato rashin tabbas a ciniki. A'a. Mai ga-ruwa ba ya sanin jarka nawa za ki ɗauka, amma farashin kowace jarka sananne ne, kuma babu mai cewa cinikinsa ya ɓaci. Malikiyya sun halatta haya a kan kowane wata kaza, ko da ba a ƙayyade yawan watannin ba. Sharaɗin kawai, iyaye su san tsarin tun kafin su kawo yaro, kuma kuɗin ya yi kusa da ladan aikin, kada ya zama tarko.

Yaron da bai zo ba kuwa, kuɗinki cikakke ne, tunda kin buɗe ƙofa kin ajiye masa gurbi. In ke kika rufe don biki ko tafiya, ki rage na kwanakin, sai in an sharɗanta hutun tun farko. Ki rubuta duk wannan a takarda, kowace uwa ta sa hannu.

Ba ki ambaci maigida ba. In kina da aure, yardarsa tana gaba da duk lissafin nan. Yara bakwai ga mace ɗaya kuma sun yi yawa in akwai jarirai a ciki, ki nemi mai taimaka miki ko ki rage, domin abin da ya sami yaro ta sakacinki za a tambaye ki. Kada ki ba ɗan kowa maganin sa barci don ki huta. Kada kuma ki shayar da jaririn wata ba da saninta ba: a mazhabar Malik tsotso ɗaya ma yana haramta aure tsakaninsa da 'ya'yanki, in kuwa ya faru ki rubuta ki sanar da iyayen. Ma'aikaciyar jinya da mara lafiya ya tsare, ko wadda cunkoson hanya ya riƙe sau ɗaya, ki yafe mata 500 ɗin, ki bar ta a kan masu mayar da makara al'ada.

Wallahu a'alam.