Tambaya da Amsa: Me ya kawo ɓawon katantanwa ƙarƙashin ƙasar Legas?

TAMBAYA: Malam, sana'ata haƙa burtsatse ce. A Lekki da Ajah muna ratsa yashi da baƙar laka, har mu riƙa fito da ɓawon katantanwa da ƙumba. Amma idan aiki ya kai mu Abeokuta, dutse muke tararwa mai cinye bakin injin. Me ya raba wuraren nan biyu? Daga wani mai karatu a Agege.

AMSA: Malam, shekaru ne suka raba su. Dutsen Abeokuta, irin na Olumo, narkakken dutse ne da ya daskare a can cikin ƙasa fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce. Legas kuwa tana zaune ne a kan abin da teku da koguna suka yi ta jibgewa, shimfiɗa bisa shimfiɗa.

Asalin abin shi ne a da Afirka da Kudancin Amurka a manne suke. Dubi taswira, za ka ga ƙusurwar Brazil ta dace da lungun da gaɓarmu take. Sama da shekara miliyan 100 da suka wuce suka tsage, Tekun Atlantika ya buɗe, bakin ƙasar ya lotsa ya zama kwari, yashi da laka suka shiga cike shi.

Ɓawon da kake samu a 'yan mitoci na sama sabo ne, shekarunsa dubbai ne kawai. Tsohon yana Ewekoro a Jihar Ogun, inda ake fasa dutsen siminti. Wannan dutse ɓawon halittun ruwa ne da ya taru a teku marar zurfi kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce. Shimfiɗun sun karkata ne zuwa kudu, shi ya sa abin da ke fili a Ewekoro yake binne ɗaruruwan mitoci a ƙarƙashin Legas. Abin da ya fi burge mu shi ne dutsen Kalambaina na Sakkwato sa'ansa ne. Teku ya taɓa ratsa Sahara ya malale yankin, har wata ƙatuwar dabbar ruwa mai kama da kada, Goronyosaurus, daga garin Goronyo ta samo sunanta.

Gwajin dutsen mai sauƙi ne: kankare ɗan gari daga jikinsa, ɗiga ruwan lemon tsami. In ya yi kumfa, dutsen farar ƙasa ne, wato irin na Ewekoro. Na Abeokuta ba zai motsa ba. Kada a taɓa ruwan batir, yana ƙona hannu, yana kuma lalata ɓawon.

Ga inda wannan ya shafi aikinka. Yashin sama na bakin teku yakan ɗauki ruwan gishiri, lakar da ke ƙasansa ita ce katangar da ke kare ruwa mai daɗi. Idan aka huda lakar ba a toshe gefen bututun da siminti ba, gishirin zai bi ramin ya gangara, rijiyar ta lalace bayan 'yan watanni. Riƙa ɗibar samfur duk mita 3, kana rubuta zurfinsa, ka sa bututu mai tsaga daidai yashin da ke ƙarƙashin lakar.

TAMBAYA: Ta yaya ake sanin shekarun dutse? Daga wata ɗaliba a Idi-Araba.

AMSA: 'Yata, akwai wani ƙanƙanin ma'adini a cikin dutse, zirkon, wanda ke riƙe yuraniyom tun ranar da ya daskare. Wani nau'insa, yuraniyom-238, yana rikiɗa ya koma dalma a hankali, rabinsa cikin shekara biliyan 4.47. Ana auna abin da ya rage da dalmar da ta taru, sai lissafi ya fito. Da irin wannan awo a kan duwatsun da suka faɗo daga sararin samaniya aka gano shekarun duniya, biliyan 4.54. Gwajin kabon-14 na auna shekarun ragowar halittu, wanda kika saba ji a aji, ba ya wuce shekara 50,000, don haka zai yi wa ɓawon Lekki aiki, amma ba zai ce komai a kan na Ewekoro ba.