Amsa ga ɗan'uwanmu da kifi ya ƙaurace wa a Lavon

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce tun shigowar Oktoba ba ka kama komai ba a wurin da kake cika bokiti lokacin zafi a Tafkin Lavon da ke jihar Tekzas ta Amurka, har kana tunanin ko dai ka sayi kwale-kwale ko ka haƙura da fatsa gaba ɗaya. Wallahi na tausaya maka, don ni ma na ɗanɗana wannan baƙin cikin. Kada ka sayi komai tukuna. Kifin yana nan, wuri kawai ya sake.

Da kaka, ruwan sama-sama yana yin sanyi ya yi nauyi ya nutse, sai ya tayar da na ƙasa wanda ya daɗe ba iska a cikinsa. Idan ka ga ruwa ya gurɓace, ruɓaɓɓen ganye na yawo, wani lokaci har da wari, to abin da ke faruwa ke nan. Kifi kan watse na mako ɗaya ko biyu. A daidai lokacin kuma ƙananan kifayen nan, shad, suna barin tsakiyar tafki suna shiga bakin rafuka, bas kuma, wato kifin nan mai farautar ƙanana da ake kira bass da Turanci, yana biye da su. Saboda haka ka bar wancan wurin, ka nufi lungunan da rafi ke shigowa. Ka duba inda tsuntsaye ke shawagi ko inda ruwa ke ɓararraka da sassafe, ka jefa koto fari ko mai ƙyalli wanda bai fi shad ɗin girma ba. Wannan alheri ne ga mu masu tsayuwa a gaɓa, domin yanzu ne bas ke zuwa inda hannunmu zai kai.

Kirafi kuwa, wato kifin da ake kira crappie da Turanci, itace yake so: rassan da suka nutse, kututture, ginshiƙan gada, a zurfin ƙafa 10 zuwa 20. Kuma tunda na ambaci rassa, bari in faɗa maka abin da har yau yake ci mini rai. Na sha wahala kafin na gano wani tarin rassa da ƙugiya ke iya kai wa daga gaɓa, ƙugiyoyin da na yi asara a wurin Allah kaɗai ya san yawansu. Sai wani ɗan gida ya zo mini da marairaita, wai yaransa suna son kifi, wai sabon zuwa ne. Na ɗauke shi a motata, na ba shi sanda, na saya masa koto, na nuna masa wurin. Ranar wata Asabar na iso bayan asuba na tarar da shi da abokansa sun jere kamar 'yan kasuwa, akwatunan ƙanƙara cike, har da 'yan jariran kifin da doka ta hana. Ko sallamata bai amsa da kyau ba. Da na ce a mayar da ƙananan, cewa ya yi ai ba tafkin ubana ba ne. A gaban mutane! Na koma mota hannuna na rawa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ledoji da zaren da suka bari a wurin, kuma gobe a ce mu baƙi ne ke ɓata waje. Har yanzu muna haɗuwa a masallaci, gaisuwa kawai. Wurinka, ka san wanda za ka nuna wa.

To, mu koma kan kirafi: zare siriri mai ɗaukar nauyin fam 4 zuwa 6, da ɗan jig, wato ƙugiya mai kan dalma, mai nauyin 1/16 na oza ko ƙaramin kifi mai rai. Ka riƙe koton sama da rassan kaɗan, saboda kirafi sama yake kallo in zai ci. Kuma don Allah kada ka fizga da ƙarfi, leɓensa ba ƙwari, yagewa zai yi. Kada ka raina ɗan kifin nan mai rai: bas mafi girma a tarihin Tekzas, fam 18.18, a Tafkin Fork aka kama shi da ɗan kifi mai rai a 1992, kuma wanda ya kama shi kirafi ya fita nema.

Washegarin da iskar sanyi ta wuce, sama ta yi garau, kifi kan kulle baki. Gara ka fita kafin ta iso, lokacin da gari ya yi lumshi.

Af, ka duba lasisinka. Na shekara yawanci ranar 31 ga Agusta yake ƙarewa, mutane da yawa ba sa lura sai jami'i ya tsaya a kansu. Dokar jiha kirafi 25 ne a rana, kowanne aƙalla inci 10, bas kuma 5, inci 14, amma wasu tafkunan irin su Fork suna da tasu daban, ka karanta kafin ka tafi. In za ka fita da iyali, gandun shaƙatawa na jiha da ke Tafkin Ray Roberts ba a neman lasisi ga mai kamu daga gaɓa a cikinsa, kuɗin shiga kawai za ku biya. Ka gwada bakin rafi a ƙarshen makon nan, ka turo mana hoton ruwan mu ga kalarsa.