Wata huɗu ina ƙoƙari, amma ban ga inda na ci gaba ba

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar kwantaragi ce a wata makarantar firamare a nan Damagaram, ina da aure da yara biyu. Farkon shekara na ɗaukar wa kaina abu uku: in rage jiki, don tun haihuwata ta biyu ƙiba ta hau ni, in gama wani labari da na daɗe da fara rubutawa, in kuma shirya wa jarrabawar shiga aikin gwamnati. Duk ƙarshen wata nakan hau sikeli a farmasi, in buɗe littafina in duba, sai in ga kamar ina nan inda nake. Wata huɗu ke nan, kilo ɗaya kacal ya tafi, labarin yana babi na uku, jarrabawa kuwa ko sanarwarta ba a yi ba. Yaya ake wannan lissafi na wata-wata ba tare da mutum ya karaya ba? Ko dai abubuwan ne suka yi mini yawa?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya yara, ya kuma saka miki da alheri kan ɗawainiyar 'ya'yan jama'a da kike yi a aji.

Aikina bin diddigin ayyukan raya ƙasa ne, wato in auna ko aikin da aka ce za a yi yana tafiya. Da idon wannan sana'a na karanta wasiƙarki, kuma abin da na fara gani shi ne, duk abubuwa ukun da kike dubawa ƙarshen wata sakamako ne: kilo, babi, sanarwar jarrabawa. Babu ko ɗaya da za ki iya tashi da safe ki ce yau zan yi shi. Ba wanda ke tashi ya rage kilo a ranar Talata. Abin da mutum ke iyawa shi ne ya yi tafiyar minti talatin, ya rubuta shafi guda, ya karanta darasi ɗaya. Waɗannan kuwa ba ki rubuta su ko'ina ba, saboda haka ran lissafi ba su da mai ba da shaidarsu, sai sikeli shi kaɗai ke magana.

Ki dubi adashe. Uwar adashe zubi take rubutawa, kowa da sunansa da ranar da ya kawo. Ba wadda ke cewa adashe ya mutu don wata huɗu tana zubi ba ta kwasa ba, tunda ta san layinta bai zo ba. Ke kwasa kawai kike dubawa, ba ki da littafin zubi.

To ki sayi ƙaramin littafin rubutu na 'yan makaranta, ki ware shi don wannan kaɗai. Shafi ɗaya ya ishi wata guda. Ki jera ranakun wata daga sama zuwa ƙasa, ki ja layi uku a tsaye: jiki, rubutu, jarrabawa. Kowane dare bayan isha'i ki saka lamba ɗaya a kowane gida, minti nawa kika yi tafiya, shafi nawa kika rubuta, minti nawa kika yi karatu. Ranar da ba ki yi komai ba ki sa sifiri, kada ki bar gidan ba komai, kada kuma ki tsaya rubuta uzuri. Aikin bai kamata ya ɗauke ki fiye da minti biyu ba. Na san akwai manhajojin waya masu yin haka, amma na fi son takarda ga mai zama irin namu, inda wuta kan ɗauke, waya kuma rabin yini tana hannun yara. Wannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. A 2016 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Benjamin Harkin sun tattara bincike 138 da aka yi kan mutane kusan 20,000, suka gano cewa masu bibiyar ci gabansu sun fi cimma abin da suka sa a gaba, kuma amfanin ya fi yawa idan mutum yana rubutawa ko yana nuna wa wani.

Bari in daɗe kaɗan a kan batun jiki, don a nan ne na ga sikeli ya fi cutar da ke. Nauyin mutum yana iya hawa ko sauka da kilo ɗaya ko biyu cikin kwana ɗaya saboda ruwa, da gishirin da aka ci, da abin da ke cikin ciki. Mu mata kuma ga al'ada, kwanakin da take gabatowa jiki yakan riƙe ruwa. Idan kin hau sikeli wannan wata da safe ciki ba komai, wata mai zuwa kuma da la'asar bayan kin sha fura, da zane biyu da hijabi, to lambobin nan biyu ba sa kwatantuwa. Kilo ɗayan da kika ce ya tafi, mai yiwuwa ya fi haka, mai yiwuwa bai kai ba.

Abin da zai fi gaya miki gaskiya shi ne igiyar awo irin ta tela. Ki auna ƙugunki da safe kafin ki ci komai, a tsakiyar tazarar da ke tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da ƙashin kwatangwalo, bayan kin fitar da numfashi, ba tare da kin matse ciki ba. Ki riƙa yi sau ɗaya a wata, kwana biyu ko uku bayan kin yi wankan tsarki, don awon ya riƙa faɗawa a lokaci iri ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar santimita 80 ga mace a matsayin inda haɗarin ciwon suga da hawan jini ke fara ƙaruwa, 88 kuma inda yake ƙaruwa sosai. Wata hanya mai sauƙin riƙewa ita ce ƙugu kada ya wuce rabin tsayin mutum. Sau da yawa ƙugu yakan ragu alhali sikeli bai motsa ba, kuma kitsen ciki shi ne wanda ya fi damun likitoci.

Shi kuwa zubin naki a ɓangaren jiki, ga ma'auninsa. Hukumar ta ce baligi yana bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, da kwana biyu na abin da ke ƙarfafa tsoka. Matsakaici shi ne tafiyar da za ki iya magana cikinta amma ba za ki iya rera waƙa ba. Minti talatin sau biyar a mako ya kai ki 150, a wata kuma wajen 600. Wannan lambar za ki nema ƙarshen wata. Idan makarantarku ba ta yi nisa ba, ki bar kabu-kabu da safe ki taka, kin sami minti, kin kuma rage kuɗin hawa. Amma ki san garinki. A Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana haura digiri 40, tafiyar rana a lokacin neman ciwo ce, sai bayan asuba ko bayan magariba, ko da zagaya tsakar gida ne. Lokacin hunturu kuma ƙura ce matsalar, ki rufe hanci. Wani abu da na lura da shi ga mata da yawa: mai jingina tafiyarta da sallar asuba, kwanakin da ba ta salla sai tafiyar ma ta tsaya, don ba abin da ke tashin ta. Littafin zai nuna miki wannan ramin idan yana nan, sifiri biyar ko shida a jere kowane wata.

Sai dai in gaya miki gaskiya, tafiya ita kaɗai ba ta cika zubar da nauyi mai yawa ba. Tana gyara zuciya da barci da hawan jini, amma kilo ya fi bin abin da ke shiga baki, musamman sugan shayi da na fura da lemon kwalba. Idan kina shayarwa har yanzu, kada ki rage abinci da kanki, suga kawai za ki taɓa. In kuma tafiya tana sa ki ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya riƙa yanke miki, ki tsaya ki ga likita a auna jininki tukuna.

Rubutu kuwa, babi mugun ma'auni ne. Wani babi shafi biyar ne, wani ashirin, wani kuma sai kin yage shi sau uku kafin ya zauna. Ki ƙirga kalmomin shafi ɗaya na rubutun hannunki sau ɗaya tak, daga nan ki riƙa ƙirga shafuka. A ce shafinki yana ɗaukar kalma 150: shafi ɗaya a rana, kwana biyar a mako, ya ba ki kalma wajen 3,000 a wata. Ranar da gyara kika yi ba sabon rubutu ba, ki sa harafin G da yawan mintunan, don gyara aiki ne, har ma yakan rage shafuka alhali labarin ƙara kyau yake. Wata ɗaya na gyara zai iya barin ki a babi na uku, kuma ki fi wadda ta yi gudu ta kai na shida.

Ina da wata shawara a nan wadda ba ki tambaya ba. Dogon labari yakan daɗe bai ba mai shi daɗin kammalawa ba, shi ya sa da yawa ke mutuwa a tsakiya. Ki ɗauki wata guda ki rubuta gajere ki gama shi tsaf, ki ba wata abokiyar aikinki ta karanta. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata marubuta, labarin kalma 1,000 zuwa 1,500 take karɓa. Da lissafin da muka yi a sama, wannan aikin mako biyu ne, sauran biyun na gyara. Ko ba ki aika ba, kin dai ga ƙarshen abu da hannunki.

Jarrabawa ita ce wadda ranarta ba ta hannunki ko kaɗan, don haka cire "ba a yi sanarwa ba" daga lissafinki gaba ɗaya. Abu biyu ne naki. Na farko karatu: ki nemi tambayoyin shekarun baya wajen waɗanda suka riga ki zama, ki amsa takarda ɗaya kowane ƙarshen wata da agogo a gabanki, ki ba wani tsohon malami ya gyara ya sa miki maki bisa 20. Wannan makin shi ne sikelinki a nan. Na biyu takardu. Takardar haihuwa, ta shaidar zama 'yar ƙasa, da kwafin takardun karatu da aka buga wa hatimi, ki haɗa su tun yanzu cikin ambulan ɗaya, don ranar da sanarwa ta fito kowa zai ruga layi lokaci guda. Amma takardar kotu mai nuna ba a taɓa yanke miki hukunci ba, da ta likita, ki dakata da su, galibi ana so kada su wuce wata uku da fitowa.

Yanzu ranar lissafin kanta. Ki tsayar da Lahadin ƙarshe ta kowane wata, minti ashirin, lokacin da yara suka yi barci ko suka tafi allo. Ki tara lambobin layi ukun. Ki rubuta awon ƙugu, jimillar shafuka da makin jarrabawar gwaji a ƙasan shafin. Sannan ki dubi inda sifirin suka taru, wace rana ce, me ya faru a makon, biki ne, rashin lafiyar yaro, ko gyaran takardun ɗalibai. Daga nan ki yanke shawara ɗaya rak don wata mai zuwa, ki rubuta ta a saman sabon shafi, misali "rubutu ya koma bayan asuba, don da dare barci ke kwashe ni". Idan kin canza abu biyar lokaci guda ba za ki san wanne ya yi aiki ba. Sakamakon kuwa kada ki yanke masa hukunci sai kin jera wata uku kin kwatanta. Sifirin kwana ɗaya kuma kada ya tayar miki da hankali. Wata mai bincike, Phillippa Lally, da abokan aikinta a Landan sun bi mutum 96 da ke koyon sabuwar ɗabi'a, suka ga tsaka-tsakin lokacin da take ɗauka kafin ta zama jiki kwana 66 ne, wasu 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rusa musu komai ba.

Kin tambaya ko abubuwan sun yi yawa. Uku ba su yi yawa ba, amma ba za su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa kowane wata ba, ga aji, ga miji, ga yara biyu. Kowane wata ki ba ɗaya gaba, sauran biyun ki riƙe su da ɗan abin da zai hana su mutuwa, ko da minti goma ne na tafiya da rabin shafi. Shekararki ma ta riga ta raba miki. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da sanyin safiya, lokacin jiki ne. Watan azumi ki rage burin komai da kanki tun kafin ya kama, ki rubuta a saman shafin cewa azumi ne, don kada ki zo daga baya ki kwatanta shi da sauran watanni. Mayu da Yuni aji ne zai cinye ki, kada ki yi wa kanki alkawarin babi. Babban hutu, Yuli zuwa Satumba, shi ne na labarinki, a nan za ki iya shafi biyu ko uku a rana. Da zarar kuwa an yi sanarwar jarrabawa, ita ce gaba har ki fito daga ɗakin, ko wane wata ne.

Idan kin cika shafi uku, ki sake rubuto mini da lambobin, mu duba tare. Allah ya ba da sa'a.